Wanda Ya Sha Harbi

Ranar Laraba da hantsi Mai Bene ya hau saman gidansa don ya gaisa da ƙudan zumansa, ya sauko yana salati kamar wanda aka aiko wa da saƙon rasuwa.

Gidan hawa biyu ne, ɗaki goma sha huɗu, banɗaki biyu, da shaguna uku a ƙasa masu fuskantar titi. Duk ɗan hayar da ke ciki ya san matsayinsa a zuciyar Mai Bene: zuma ne na farko, tsohuwar motarsa da ba ta tashi ita ce ta biyu, sannan sauran jama'a. Akwati ɗaya ne tal na katako a gefen tankin ruwa, amma saboda shi aka sa wa ƙofar sama kwaɗo, aka hana kowa shanya a can. Kwaɗon ya fi shekara da lalacewa, da an ja shi yake buɗewa. Kowa a gidan ya san haka, ban da mai kwaɗon.

"An sace su!" in ji shi a tsakar gida, hannu biyu a ka. "Kwana uku kacal na yi ba na nan! Akwatin da ke ruri kamar inji ya koma shiru. Fiye da rabinsu babu. Sarauniyata ma babu, wadda na ɗiga wa jan fenti a baya da hannuna!"

Kafin ya rufe baki tsakar gida ta cika. Ana cikin jajantawa, wasu da gaske wasu don ido, sai ga Mai Fenti ya fito daga ɗakinsa riƙe da bokiti. Shi ne mai shagon tsakiya, inda yake shafa wa kujeru da teburori fenti mai sheƙi. Siririn mutum ne, amma ran nan fuskarsa ta yi biyun jikinsa. Ido ɗaya ya rufe ruf, leɓen sama ya leƙo gaban hanci, kunnen hagu kuwa ya yi kamar marfin tukunya.

Kowa ya zuba masa ido. Mai Aski ne ya fara magana, mai shagon da ke manne da nasa, mutumin da bai taɓa barin shiru ya yi minti ɗaya a gabansa ba.

"Jama'a, ba a shan zuma sai an sha harbi," ya ce. "To ga wanda ya sha harbi. Sauran ku ƙarasa da kanku. Kuma wa ya ba da jan fentin da aka ɗiga wa sarauniya? Ai ya san ta, ta san shi."

Mai Bene ya matsa. "Ka hau sama?"

"Na hau," in ji Mai Fenti, da leɓen da ya rage masa.

"Yin me?"

Mai Fenti ya sunkuyar da kai.

"Shi ke nan," in ji Mai Bene. "Kafin rana ta faɗi, ko ka dawo mini da ƙudan zumana, ko ka kwashe kayanka daga ɗakina da shagona, kai da iyalinka."

Iyalin nasa tana tsaye a bakin ƙofa, dafe da ƙugu, da cikin wata takwas. Auta ake ce mata. Ba ta yi kuka ba, sai ta juya ta dubi ɗakin ƙarshe na ƙasa, inda mahaifiyarta ke zaune a bakin ƙofa ta rufe hanci da mayafi. Duk tsakar gidan ta juya tare da ita.

*

Gwaggo Sunsuna, mahaifiyar Auta, ta yi shekara talatin da ɗaya a ɗakin ƙamshi na wata masana'antar sabulu. In sabulu ya fito da warin da ba nasa ba, ita ake kira, ta bi hancinta daga injin naɗe kaya har zuwa durom ɗin da ke yoyo. Tun da ta ajiye aiki unguwa ta gaje ta. Ita ta gano bututun gas da ke tsiyaya a gidan burodi, ita ta nuna wurin da ɓera ya mutu a cikin silin, ita ta bi sawun wanda ke rage kananzir ɗin maƙwabta har ƙofar ɗakinsa. Kuma ita ce, shekara biyu da suka wuce, ta rantse Auta ba za ta auri mutumin da ke warin ayaba ba tare da ya ci ayaba ba. Auta ta aure shi. Tun daga ranar Gwaggo ba ta taɓa duban surukin nata ido da ido ba. Mutane na cewa kunya ce, ita kuwa ta bar su a haka.

Ta ja 'yarta ciki ta turo ƙofa, sannan ta sauke mayafin. Hancin ya yi ja wur.

"Mura," ta ce a hankali. "Kwana huɗu ke nan. Ko mushe aka ajiye mini a nan ba zan ji ba. In kika faɗa wa wani, ban haife ki ba."

"Inna, yau ɗin? Ki shafa man nan mai sanyi mana."

"Mentol? Wannan ƙaramin maƙaryaci ne. Ba ya buɗe komai, gaya wa hanci kawai yake yi cewa iska na wucewa." Ta share hanci, ta dubi 'yarta daga sama zuwa ƙasa, sai idonta ya tsaya a kan cikin. "Ke fa? Ba ke ce jiya kika yi amai don wata a hawa na biyu ta yanka albasa ba?"

"Ni ce."

"To ɗauko lemar rana. Yau ke ce hancina."

Ba don son Mai Fenti ta miƙe ba, wannan a faɗe shi a fili. Amma tunanin 'yarta a bakin titi da katifa da tukwane, haihuwa yau ko gobe, ya hana ta zama.

*

Da surukin aka fara. Yana zaune a shagonsa yana danna jiƙaƙƙen tsumma a ido. Da ganinta ya zabura ya durƙusa. Gwaggo ta zauna a kujerar wani da ba ta gama bushewa ba, ta fuskanci bango.

"Tambaye shi," ta ce wa Auta, "ya taɓa akwatin?"

"Wallahi, Inna, ko kusa ban je ba. Ina can bayan tanki."

"Tambaye shi, da wace riga ya hau?"

Ya nuna rigar aikinsa a rataye. Auta ta yi taku biyu wajenta, ta yi baya da sauri tana toshe baki. "Ayaba! Inna, ayaba ruɓaɓɓiya!"

"Ruwan da muke sirka fenti da shi ne," in ji shi a kunyace. "Kullum sai na yi wanka na sauya kaya kafin in shiga ɗaki, saboda ita. Jiya da rana kuwa haka na hau. Ɗaya ya fara harbina a hannu, na kaɗe shi. Kafin in ce me, sauran sun rufe ni kamar na zagi uwarsu."

Gwaggo ta gyaɗa wa bango kai. Wannan ta san shi tun tana budurwa a ɗakin ƙamshi. Duk wari da duk ƙamshi na duniya wani ɗan ƙaramin abu ne da ke tashi ya shiga hanci, 'yan ƙwayoyin kabon jere kamar duwatsun wuya, an rataya musu haidurojin da oksijin. Sunayensu dogaye ne, don haka ma'aikata ba sa wahalar da baki, yawan kabon suke kira. Mai ƙamshin ayaba, mai bakwai ne.

"Tambaye shi me ya kai shi bayan tanki."

Auta ta tambaya, har sau biyu. Mutumin ya dubi matarsa da ido ɗayan da ke aiki, ya dubi ƙasa. Sauran fuskar da ba ta kumbura ba ta yi gumi.

"Taurin kai kamar jaki," in ji Gwaggo, ta miƙe. Kujerar ta ɗan biyo ta kafin ta sake ta.

*

Auta ba ta iya matakala, don haka Gwaggo ta hau sama da Mai Bene su biyu. Ya zaro makulli da alfahari ya buɗe kwaɗon da tun farko a buɗe yake. Ya ɗaga marfin akwatin a hankali yana ba su haƙuri.

Ba hanci, sai ido. Ta ga saƙar zuma ta cika akwatin maƙil, har sun fara gini a jikin marfi. Ba a yanki ko ɗan yatsa ba. A ƙasan saƙar akwai wasu 'yan gidaje dogaye suna reto kamar kwanson gyaɗa.

"Yaushe rabonka da ƙara musu wuri?"

"Ƙari kuma? Wannan akwatin ya ishe su har jikokinsu."

"Haka ka ce mana a kan banɗaki."

Mai Bene ya yi kamar bai ji ba. Yana can yana lallashin sauran ƙudan, ta zaga bayan tanki. Wani abu ne a rufe da buhuna. Ta ɗaga gefe ɗaya. Gadon jariri ne, ɗan ƙarami, an goge katakonsa sumul, an shafe shi da fenti mai sheƙi launin ruwan zuma, an sassaƙa masa 'yan kifaye a gefe. Nan take ta gane. Surukinta ba zai iya busar da shi a ɗaki ba saboda warin na sa Auta amai, ba zai iya barinsa a shago ba saboda tana leƙawa kullum, shi kuwa so yake ta gan shi sai ya gama. Kuma a gaban surukarsa da taron jama'a ba zai iya buɗe baki ya ce gadon ɗansa da ba a haifa ba yake yi.

Ta daɗe tana kallon kifayen. Wani abu ya motsa mata a ƙirji, ta ce mura ce. Ta mayar da buhun yadda yake.

*

Saura wanda ya fi kowa dalilin ƙin zuma a gidan. Mai Guga ne, mai shago na uku. Shekara uku yana kai ƙara cewa ƙudan na yi masa ɗige-ɗigen rawaya a kan fararen kayan mutane. Ga shi da dutsen guga na gawayi, kuma kowa ya san hayaƙi ke kwantar da zuma. Kafin azahar rabin gidan sun koma cewa shi da Mai Fenti suka haɗa baki.

Suka same shi a bayan shago yana karkaɗe zanen gado. Auta ta tsaya daga nesa tana shaƙa. "Hayaƙi, sitaci, sai kuma ƙafarsa."

"Gwaggo, ni?" in ji Mai Guga, ya dafe ƙirji. "Ni da ko ƙudan miya ya bi ta kunnena sai na zubar da dutsen guga? In da zan iya kusantar su ai ba sata zan yi ba, kisa zan yi. Kuma wa ya ce sun tafi? Ki duba nan!"

Ya baza mata zanen. Ɗige-ɗige ne rawaya, sababbi.

"Da can igiyar tsakar gida kaɗai suke ɓata mini, sai na dawo da fararen kaya nan baya. Tun jiya nan ɗin ma sun biyo ni. An ce an sace su, su kuwa sun ƙara reshe."

Gwaggo ta ƙura wa zanen ido. Ƙudan zuma ba ya kashi a gida, a hanya yake yi. In hanya ta zama biyu, to gida ma ya zama biyu.

Sai Auta ta ja dogon numfashi, fuskarta ta saki a karon farko tun safe. "Inna, wani abu mai daɗi. Lemun tsami." Ta bi shi har kan wani tarin ƙananan tawul a kwando, ta ɗauki ɗaya ta manna a hanci kamar za ta cinye shi.

"Na Mai Aski ne," in ji Mai Guga. "Wani mai yake ɗiga musu, na wata ciyawa mai ƙamshin lemu, wai don kwastoma su ji sun zo babban wuri. Abin mamaki ma, shekara goma muna maƙwabtaka bai taɓa kawo mini ko hankici ba, da kansa yake wankewa a bayan shagonsa. Jiya da yamma sai ga shi da su, ya ce bayansa ke ciwo."

"Ba ni aron ɗaya," in ji Gwaggo.

*

Famfon tsakar gida yana ɗiga tun kafin a haifi wasu 'yan hayan, kuma a nan ƙudan ke shan ruwa. Gwaggo ta ɗauko gwangwanin hodarta ta zauna a kan bokiti. Duk wanda ya sauka ya duƙufa sha, sai ta barbaɗa masa hoda a baya. Matan gida suka leƙo ta taga suna raɗa cewa tsufa ya fara taɓa ta, tana yi wa ƙwari kwalliya.

Ƙuda goma ta yi wa fari. Huɗu suka tashi suka miƙe sama wajen tanki. Shida suka yi ƙasa-ƙasa, suka bi ta kan igiyar Mai Guga, suka tsallake wani shingen kwano suka ɓace. Bayan shingen nan ba komai sai ɗan filin da ke bayan shagon aski.

Ta zaga ta gaba. Mai Aski na yi wa wani gyaran fuska, rediyo na ta kururuwa, shi da wanda ake yi wa askin duk sun jiƙe sharkaf. Ƙofar baya, wadda kullum take a wangale don iska, an rufe ta an tokare da benci.

"Gwaggo! An kama shi?" ya tambaya. "Ni fa tausayin Auta nake ji. Amma in mijinta ya fita daga shagon, ki ga, bangon nan kawai za a fasa, in sa kujera ta biyu."

"Zafi bai dame ka ba, ka rufe baya?"

"Sanyi nake ji," in ji shi, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

*

Da la'asar ta sa Mai Bene ya tara su a sama. Wannan ne karo na farko da 'yan haya suka hau da izini, don haka kowa ya yi ta waige-waige yana nuna mamaki, har da waɗanda wandunansu suka sha bushewa a wurin. Auta kaɗai aka bari a ƙasa. Gwaggo ta tsayar da su a bakin ƙofa, nesa da akwati. A hannunta akwai sandar goge ɗaki guda biyu, ɗaya an ɗaura mata tsumman shagon fenti, ɗaya tawul ɗin aski.

"An ce wanda ya sha harbi shi ya sha zuma," ta ce ta cikin mayafi. "Bari mu tambayi masu harbin."

Ta jingina sandar farko kusa da bakin akwatin ta dawo da sauri, fiye da yadda aka san ta da shi. Ba a daɗe ba ƙarar ta sauya. Ƙudan suka fito suna karo da tsumman, suna kewaye shi, suna lanƙwasa gindi a kansa. Ɗaya ya wuce ya sami Mai Bene a bayan kunne.

"Wayyo! Ni ne fa! Ni ne!"

"Ba su gan ka ba, ji suka yi," in ji Gwaggo. "In ƙudan zuma ya yi harbi, yana barin wani ɗan wari a wurin don 'yan'uwansa su san inda abokin gaba yake. Wannan warin mu a wurin aiki mai bakwai muke ce masa. Shi ne a cikin ayaba, shi ne a cikin ruwan sirka fenti. Mutumin nan ya hau da rigar da ke ihu da yarensu cewa ga ɓarawo, ku taso. Ko fure ya kawo musu sai sun fasa masa fuska."

Ta jira ƙura ta lafa, ta jawo sandar da ƙugiya ta jefa tsumman a bokitin ruwa, sannan ta kafa ta biyu. Wannan karon ba ruri. Ɗaya ya sauka a kan tawul, sai na biyu, sai na biyar. Suka ɗaga gindi sama suna kaɗa fukafukai a natse.

"Wannan kuma mai goma ne, mai ƙamshin lemun tsami. Su ma suna da irinsa a jikinsu, da shi suke kiran juna in sun sami sabon gida: ku zo, nan ne. Kabon uku ne tsakaninsa da wancan, amma ɗaya yaƙi yake kira, ɗaya masauki." Ta juya ga Mai Bene, wanda ke murza kunne. "Ba wanda ya ɗauki ƙudanka a ka. Ka cusa su a ɗaki ɗaya kamar yadda ka cusa mu, suka yi abin da mu muka kasa. Tsohuwar sarauniya ta kwashi rabin gida ta fita, ta bar wa 'ya'yanta sauran. Waɗancan gidaje masu kama da gyaɗa, sababbin sarauniyoyi ne ke kwance a ciki. Abin tambaya shi ne, wa ya yi musu sannu da zuwa?"

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Tun da aka ambaci lemun tsami Mai Aski ya cusa hannuwa a aljihu yana ja da baya. Amma shekara goma yana matse tawul ɗin nan, ƙamshin ya zauna masa a wuya da gashin baki. Ƙuda ɗaya ya bar sandar ya sauka a kafaɗarsa. Wani ya sauka a goshi. Na uku ya zauna a kan karan hancinsa ya ɗaga gindi ya fara fifita.

"Kada ka motsa," in ji Gwaggo da murya mai taushi. "Ba za su taɓa ka ba, kai na gida ne. Sauran ku zo ku leƙa ta nan."

Aka yi cincirindo a bakin katanga. Daga sama ana hango bayan shagon aski tas. A kusurwa akwai wani tsohon akwatin lasifika da yake jefa tawul masu datti a ciki, an yafa masa tabarmar roba. Ta ramin da ke gabansa ƙudan zuma na shiga suna fita, wasunsu da farar hoda a baya.

"Ban kira su ba!" in ji Mai Aski, baki kawai ke motsi, idanu sun haɗu a kan hanci. "Wallahi da kansu suka zo, shekaranjiya da rana! Na fita ɗaukar tawul na ga baƙi ƙirin. Na ce bari in faɗa, sai na ce bari dai su ɗan yi zuma tukuna. Da safe kuma na ga fuskar wannan, sai shaiɗan ya nuna mini bangon nan... Gwaggo, don girman Allah ki ce ya sauka!"

Mai Guga ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Aka sauka gaba ɗaya, Mai Bene ya buɗe bayan lasifikar. A tsakiyar dunƙulen, kan sabuwar saƙa fara mai faɗin tafin hannu, ga ta nan tana tafiyarta ta ƙasaita da jan ɗigo a baya. Dattijon ya yi hawaye, bai ɓoye ba.

Ya so ya kori Mai Aski a take. Gwaggo ce ta hana. Ta ce ƙudan sun riga sun haddace wurin, in aka mayar da su sama gobe za su dawo, don haka sai dai a bar su a nan, kuma suna buƙatar mai yi musu hidima. Hukuncin da aka yanke ke nan: Mai Aski ya riƙa sa musu ruwa safe da yamma, ya bar musu filin baya, ya kuma kashe rediyo, don Mai Bene ya ce sarauniya ba ta son hayaniya. Wannan na ƙarshen babu shi a ilimin kowa, amma duk gidan suka shaida cewa gaskiya ne.

*

Har an fara watsewa Mai Bene ya tuna. Ya koma sama, Mai Fenti da Gwaggo na biye da shi.

"Na yarda ba ka yi sata ba, ka zauna a ɗakinka. Amma dokata ka karya. Me ya kawo ka nan? Wannan kuma mene ne?" Ya nufi buhunan.

Mai Fenti ya bi shi da ido. Daga tsakar gida ana jin muryar Auta tana tambayar ko lafiya.

"Kada ka taɓa," in ji Gwaggo. "Kayana ne. Ni na aike shi."

"Ke? Ke da ko kallonsa ba kya yi?"

"Ɗana ne. In ban aike shi ba wa zan aika?"

Mai Bene ya duba ta, ya duba shi, ya ɗaga kafaɗa ya tafi gyara kwaɗonsa. Gwaggo ta juyo. A karon farko cikin shekara biyu ta dubi surukinta a fuska, kuma ba ta zaɓi rana mai kyau ba.

"Kai," ta ce, ba tare da ɗan aike ba. "In ta shiga wanka ka sauko da shi ɗakina. Mako biyu yake so kafin warin ya fita. Ka ƙara goge ƙafar hagu, tana da kaushi."

Ya durƙusa. Ruwa na fita daga idon da ke buɗe, har da wanda ke rufe.

Washegari da safe ta yi atishawa uku a jere, hancin ya buɗe tar. Abin da ya fara shiga shi ne ayaba. Ayaba a labule, ayaba a matashi, ayaba a cikin kofin shayinta. Ta miƙa hannu za ta ɗauki mayafi ta rufe hanci, sai ta fasa. Ta jawo kujera kusa da ɗan gadon, ta sa yatsa ta tura shi a hankali. Yana lilo ba ƙara.